Iyakokin Zariya: Birni, Waje da Ƙananan Hukumomi

Zariya gari ne a arewacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 80 daga garin Kaduna, kuma nan ne fadar Masarautar Zazzau. A bakin jama'a sunan ya haɗa wurare da yawa: Birni, Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru, Wusasa, Palladan, har da Shika. A takardar gwamnati kuwa waɗannan wurare ba ƙarƙashin hukuma ɗaya suke ba. Mafi yawansu sun rabu tsakanin Ƙaramar Hukumar Zariya da ta Sabon Gari, gefen garin kuma ya tsallaka cikin Giwa. Saboda haka tambayar "ina Zariya ta tsaya?" tana da amsa fiye da ɗaya, ya danganta da wanda aka tambaya: dattijon cikin birni, ko ma'aikacin zaɓe, ko hakimi, ko direban mota.

Ganuwa, iyaka ta farko

Iyaka mafi daɗewa ita ce ganuwa. Tarihin baka ya danganta kafuwar birnin da zuriyar Bakwa Turunku, ya kuma ce sunan ya samo asali daga Zariya, ƙanwar Sarauniya Amina. Ganuwar ta kewaye gidaje da fada da kasuwa, har da filayen noma da ake dogara da su idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya. Ana shiga ta ƙofofi irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Tukur-Tukur, Ƙofar Jatau, Ƙofar Bai da Ƙofar Kibo. Ruwan sama da masu ɗiban ƙasa da masu gini sun cinye yawancin bangon, amma sunayen ƙofofin suna nan a matsayin unguwanni da tashoshin mota.

Abin da bai rushe ba shi ne ganuwar da ke cikin magana. Har yau Bazazzagen da aka haifa a Kwarbai ko Kaura ko Limancin Kona idan ya ce "cikin gari", abin da ke cikin ganuwa yake nufi. Duk sauran "waje" ne, ko da kuwa gidajen wajen sun ninka na ciki.

Yadda Turawa suka yanka garin

Turawan Ingila sun shigo Zariya a 1902, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911 bisa layin da ya nufi Kano. Daga nan garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, da reshe zuwa Jos da wani zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Tashar ba a cikin birni aka gina ta ba, an kai ta can tsallaken rafin Kubanni ta arewa, kuma wannan zaɓi shi ne tushen rabuwar da ake gani a yau.

Manufar Turawa ita ce kowane rukuni na mutane ya zauna a nasa wuri. Su da kansu suka zauna a unguwar da yanzu ake kira GRA, kusa da kantunan kamfanoninsu. Unguwar PZ ma daga kamfanin Paterson Zochonis ta samo suna. Ma'aikatan jirgi da akawu da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu aka ba su Sabon Gari. Baƙi 'yan arewa waɗanda ba 'yan birni ba aka zaunar da su a Tudun Wada, tsakanin ganuwa da Kubanni. A shekarun 1920 aka buɗe tashar binciken noma a Samaru, aka kuma mayar da mishan na Likita Miller, Baturen Ingila mai wa'azin Kirista, daga cikin birni zuwa Wusasa, gindin dutsen Kufena. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 ita ta mayar da Samaru gari mai zaman kansa.

Ke nan Zariyar zamani ba daga tsakiya ɗaya ta bunƙasa ta bazu ba. Garuruwa ne huɗu ko biyar da aka dasa nesa da juna, da gonaki da fadamu a tsakaninsu, sannan gine-gine suka yi ta cike gurbin har suka haɗe. Wanda ya bi titi daga Ƙofar Doka ya ratsa Tudun Wada da PZ da Kwangila zuwa Samaru a yau ba zai ga inda wani gari ya ƙare wani ya fara ba.

Ƙananan hukumomi biyu, da ta uku a gefe

A zamanin En'e, hukumar Zazzau guda ce ke riƙe da ƙasa mai faɗin gaske. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen wannan tsari, sannan gwamnatocin soja suka yi ta ƙirƙiro sababbi, musamman a 1989 da 1991 da 1996. A cikin wannan yanke-yanke ne aka cire Sabon Gari daga Zariya. Yanzu Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 daga cikin 774 na Najeriya.

A tsakiyar gari Kubanni ce iyaka. Wanda ya tsallaka gadarta daga Tudun Wada ya nufi PZ ya bar Ƙaramar Hukumar Zariya ya shiga ta Sabon Gari, ko da bai lura ba.

Ƙaramar Hukumar Zariya tana da mazaɓu 13. Shida a cikin birni suke: Kwarbai A, Kwarbai B, Kaura, Unguwar Juma, Unguwar Fatika da Limancin Kona. Sauran su ne Tudun Wada, Gyallesu, Tukur-Tukur, Kufena, Dambo, Wuciciri da Dutsen Abba, waɗanda wasunsu karkara ce sosai. Sabon Gari tana da mazaɓu 11: Samaru, Basawa, Bomo, Jama'a, Hanwa, Dogarawa, Chikaji, Muchiya, Jushin Waje, Unguwar Gabas da Zabi, sakatariyarta kuma tana Dogarawa. A ƙidayar 2006 Zariya ta haura mutum dubu 400, Sabon Gari kuma tana wajen dubu 290. Shi ya sa alƙaluman yawan mutanen "Zariya" suke saɓawa daga wannan littafi zuwa wancan: wani ƙaramar hukuma ɗaya ya ɗauka, wani ya haɗa biyun.

Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne yawancin cibiyoyin da suka yi wa Zariya suna a ƙasa baki ɗaya ba a Ƙaramar Hukumar Zariya suke ba. Babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964, da barikin Basawa, da tashar jirgin ƙasa, duk ƙasar Sabon Gari ce. Harabar jami'ar ta Kongo kuwa tana ɓangaren Zariya, tare da Kwalejin Barewa da Alhudahuda da kamfanin ɗab'i na Gaskiya. Asibitin koyarwa na jami'ar da ke Shika, wanda kowa ke kira asibitin Zariya, a Ƙaramar Hukumar Giwa yake. Jami'a ɗaya ke nan, ƙafarta a ƙananan hukumomi uku.

Ta sauran ɓangarori garin yana maƙwabtaka da Kudan ta arewa, Soba ta gabas kan hanyar Jos, da Igabi ta kudu, inda tsohon garin Turunku yake.

Taswirar zaɓe

Iyakokin zaɓe sun bi na ƙananan hukumomi, amma sun ƙara nasu rabon. Zariya da Sabon Gari kowacce tana da kujerarta a Majalisar Wakilai. Tajudeen Abbas, wanda ya zama Kakakin Majalisar a 2023, mazaɓar Zariya yake wakilta, ba ta Sabon Gari ba. A Majalisar Dokokin Jiha an raba Zariya gida biyu, Birni da Kewaye, Sabon Gari ma gida biyu, Sabon Gari da Basawa. Rabon Birni da Kewaye, idan aka duba, tsohuwar ganuwar ce ta dawo a takardar ƙuri'a.

A Majalisar Dattawa, Zariya da Sabon Gari suna shiyyar Kaduna ta Arewa tare da Soba, Kudan, Maƙarfi, Ikara, Kubau da Lere. Giwa kuwa tana Kaduna ta Tsakiya, kujerarta ta Wakilai kuma tare da Birnin Gwari take. Saboda haka mazaunin Shika da ke cefane a kasuwar Samaru, sanatansa daban da na mai sayar masa da kayan.

Masarauta

Zazzau ta fi Zariya faɗi nesa ba kusa ba. Zariya gari ne, Zazzau ƙasa ce, kuma Sarkin Zazzau ake cewa a sarautance. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe sun yi kudu suka kafa Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, sarautar birnin kuma ta koma hannun gidaje huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Ahmed Nuhu Bamalli ya hau gadon a 2020 bayan rasuwar Shehu Idris, wanda ya yi sarauta tun 1975. Ƙasar masarautar ta haɗa da Zariya, Sabon Gari, Giwa, Kudan, Maƙarfi, Ikara, Kubau, Soba da Igabi, ta kai har cikin garin Kaduna. A ƙarƙashin sarki akwai hakimai, da dagatai, da masu unguwa, kuma gundumar hakimi ba dole ba ne ta yi daidai da mazaɓa. Yawan gundumomin ma yana sauyawa da gwamnati: a 2017 an rage na jihar baki ɗaya daga 390 zuwa 77.

Inda iyaka ke tasiri

A harkar yau da kullum ba wanda ya damu da iyaka, sai ranar da takarda ta taso. Takardar shaidar asali, wadda ake nema wajen shiga makaranta ko aikin gwamnati ko aikin soja, ƙaramar hukuma ce ke bayarwa, galibi bayan mai unguwa da hakimi sun sa hannu, don haka dole mutum ya san ɓangaren da gidansu yake. Haka rumfar zaɓe, da kuɗin rumfar kasuwa, da makarantun firamare da ƙananan asibitoci.

Maganar fili ta fi sarƙaƙiya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin amfani da su. A gefen gari, wajen Dakace ko Bomo ko hanyar Shika, inda gonar bara ta zama fuloti bana, nan ne aka fi samun takardu biyu a kan fili ɗaya, kuma shaidar dattawan da suka san kan iyakar gonaki takan yi nauyi ƙwarai.

Sauya iyakar ƙaramar hukuma ba abu ne mai sauƙi ba. Sashe na 8 na Tsarin Mulkin 1999 ya gindaya sharuɗɗa masu tsauri, sunayen ƙananan hukumomin kuma suna rubuce cikin kundin kansa, shi ya sa taswirar ta tsaya cik tun 1996 alhali garin bai daina faɗaɗa ba. Magudanar ruwa da shara da cunkoson titi ba ruwansu da gadar Kubanni, amma hukumomin da ke kula da su sun rabu a kanta. Don cike wannan giɓi ne gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta kafa hukumar kula da birnin Zariya da kewayensa a 2021, tare da irinta a Kaduna da Kafanchan, domin a tsara ayyukan gari ba tare da tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma ba.