Waiwaye: yadda mawaƙan Jamaika suka rabu da makaɗansu

Tun daga watan Afrilun 2022, lokacin da SOJA, wata ƙungiyar makaɗa ta jihar Virginia a Amurka, ta lashe kyautar Grammy ta reggae, muhawara kan makomar mawaƙan Jamaika a kan dandamali ba ta lafa ba. Ana tambayar dalilin da ya sa tsibirin da ya haifi reggae da dancehall, wato salon kiɗan rawa da ya tsiro daga reggae, yake kallon baƙi suna cin kasuwar rangadi, alhali mawaƙan Afrobeats na Najeriya, waɗanda suka sha daga wannan kiɗa, suna cika manyan filayen wasa a Landan. Wasu sun ɗora laifin a kan wahalar samun biza, wasu a kan dokar taƙaita hayaniyar dare ta 1997, wasu kuma a kan kalaman batsa da na tashin hankali. Kowanne yana da nasa kaso, amma duk sun zo ne sun tarar da sana'ar ta riga ta sauya fasali.

Farkon labarin sananne ne. A shekarun 1970 mawaƙin roots reggae, wato reggae mai saƙon addinin Rasta da gwagwarmayar talakawa, ba ya rabuwa da ƙungiyarsa, kuma da wannan tsari Bob Marley da Wailers suka tashi daga zauren Lyceum na Landan a 1975 har zuwa bikin 'yancin Zimbabwe a 1980, kafin rasuwarsa a watan Mayun 1981. Bikin Reggae Sunsplash ya fara a Montego Bay a 1978. Abin da ya riƙe wannan zamani shi ne situdiyo, domin kowace waƙa sai an tara mai ganga, da mai jita, da mai bes, da mai fiyano, da masu busa, waɗanda da yawansu makarantar Alpha ta Kingston ce ta horar da su. Ko dancehall na farko, na su Barrington Levy da Yellowman, ƙungiyoyi irin Roots Radics ne suka kaɗa masa da hannu.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba a wannan muhawara ya faru ne a unguwar Waterhouse ta Kingston a ƙarshen 1984. Matasa biyu, Wayne Smith da Noel Davey, sun samu wani ƙaramin fiyanon lantarki ƙirar Casio MT-40, wanda aka ƙera domin masu koyo a gida, suka kuma gano cewa a cikinsa akwai wani kiɗan ganga da bes da aka riga aka shirya, danna maɓalli kawai yake buƙata. Wata ma'aikaciyar kamfanin a Japan, Okuda Hiroko, ita ta tsara shi. Suka kai wa furodusa King Jammy, aka rage masa gudu, aka ɗora murya, sai ga "Under Mi Sleng Teng". An ruwaito cewa da aka saka shi a wata karawar masu lasifika, wato masu saka kiɗa a wuraren rawa da manyan lasifikoki, a titin Waltham Park a farkon 1985, jama'a sun yi ta neman a maimaita, kuma ba a daɗe ba mawaƙa suka yi rububin hawa kansa, har waƙoƙin da aka yi da shi suka kai ɗaruruwa.

Masu tarihin kiɗa sukan ambaci wannan a matsayin sabon salo, amma a ganina babban tasirinsa a kan aljihu ne. Furodusan da a da sai ya kama situdiyo mai faɗi ya biya mutum shida ko bakwai, yanzu mutum ɗaya ko biyu sun ishe shi, kamar yadda Steely da Clevie suka riƙa yi da fiyano da na'urar ganga. Babu wanda za a zarga da zaɓar hanya mai sauƙi a ƙasar da tattalin arzikinta ke cikin matsi a lokacin, kuma sauyin ya buɗe ƙofa ga ɗimbin yaran unguwanni da ba su da halin shiga manyan situdiyo. Sai dai situdiyon shi ne inda makaɗi yake samun na cefane tsakanin wasa da wasa, kuma nan ne mawaƙi da makaɗa suke sabawa da juna har su zama ƙungiya. Da aikin ya ragu, wasu makaɗan suka koma kaɗa wa 'yan yawon buɗe ido a otel-otel na gaɓar arewa, wasu suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ingila, yaro mai tasowa kuwa ya daina ganin dalilin ɓata shekaru yana koyon busa. Wanda ya ga abin da fiyano ya yi wa masu kalangu bayan ya shiga situdiyoyin Kano zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba.

Daga nan siffar wasan kai-tsaye ta bi sahu. Tunda kiɗa ɗaya, wanda suke kira ridim, yakan ɗauki mawaƙa goma ko ashirin, sai ya zama ƙungiyar makaɗa guda ce take tsayawa a bayan kowa daga dare har wayewar gari, kamar yadda aka saba gani a bikin Sting da aka fara a 1984, wanda aka riƙa yi ranar 26 ga Disamba. Mawaƙi yana da 'yan mintoci ne kawai. Zai fara waƙa, da zarar jama'a sun ɗauki ihu suna busa ƙaho suna ɗaga wutar layita, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da makaɗa, a koma farko ko a tsallaka zuwa wata waƙar, ta yadda zai iya sauka bai kai ko ɗaya ƙarshe ba. Wannan fasaha ce mai zaman kanta, kuma duk wanda ya kalli karawar Beenie Man da Bounty Killer ya san ba ƙaramin gwaninta take buƙata ba. Amma horo ne na daban da wanda ake buƙata wajen riƙe jama'ar da ba su jin harshenka har tsawon sa'a ɗaya da rabi. Ga kuma wata hanyar samun kuɗi da ta rage buƙatar rangadi, wato rera waƙa ta musamman da sunan wani mai lasifika, a biya mawaƙi nan take ba tare da ya bar Kingston ba.

Dattawan roots kuwa sai abincinsu ya koma ƙetare. An fara Summerjam a Jamus a 1986, sannan Rototom a Italiya a 1994, wanda ya koma Sifaniya a 2010, yayin da Sunsplash na gida ya yi ta tangal-tangal har Sumfest, da aka fara a 1993, ya karɓe masa wuri. Burning Spear da Toots Hibbert da Culture sun shafe shekaru suna zagaya Turai da Amurka duk bazara. Joseph Hill na Culture a kan hanyar rangadi ya rasu, a Berlin, a watan Agustan 2006, ɗansa Kenyatta ya karɓi makirufo ya ƙarasa sauran wasannin. Mawaƙan da ba su da ƙungiya sai masu shirya biki suka riƙa haɗa su da makaɗan Jamus da Faransa da Italiya, waɗanda da haka suka ƙware a kiɗan, daga baya suka fara fitar da nasu mawaƙan.

An samu farfaɗowa bayan 2010, lokacin da Chronixx da Protoje da Kabaka Pyramid suka fito da ƙungiyoyinsu, da taimakon matasan makaɗa da suka yi karatu a kwalejin koyar da fasaha ta Edna Manley da ke Kingston. Taron da Buju Banton ya tara a babban filin wasa na Kingston a watan Maris na 2019, da wanda Vybz Kartel ya tara a wannan filin a daren ƙarshe na 2024, sun nuna cewa masu sauraro suna nan. Lissafin da aka soma a 1985 ne bai canja ba: mai shirya wasa a Turai da zai ɗauko mawaƙi da ƙungiyarsa sai ya nemi biza da tikitin jirgi da ɗakin otel na mutum takwas ko goma, alhali idan mawaƙin ya yarda ya zo da mai saka masa kiɗa a kwamfuta, na mutum biyu ko uku kawai zai biya.