Kwamfaresa "mai ƙarfi": wane ƙarfin ake nufi?

Tun da bidiyon tsofaffin motoci masu gurfana su miƙe da kansu ya cika TikTok da Facebook, kalmar kwamfaresa ta shiga bakin kowa a Yamai. Mai tsohuwar Marsandi da ta daɗe tana shan ƙura a ƙarƙashin bedi yana son a cire mata sifirin a sa jakunkunan iska, mai Peugeot 504 ma ba a bar shi a baya ba. Masu tallar kaya a WhatsApp kuwa kakarsu ta yanke saƙa: "Kwamfaresa mai ƙarfi, PSI 300, tana ɗaga kowace irin mota."

Cewa kwamfaresa inji ce mai matse iska, wannan ko yaron gareji ya sani; a irin waɗannan motoci ita ke cika tankin ajiya, tankin kuma ya hura jakunkunan da ke ɗaga motar. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan "mai ƙarfi" da ake liƙa mata, sannan a nuna maka lamba guda a jikin kwali a ce ga shaida.

PSI awon matsi ne kawai. PSI 14.5 ne ke yin bar ɗaya, abin da masu faci ke kira kilo. Tayar ƙaramar mota na shan kilo 2 zuwa 2 da rabi, wajen PSI 30 zuwa 35 ke nan. Jakunkunan iskar da ke ɗauke da mota yawanci ba sa wuce PSI 100 a tafiya, tankin ajiya kuma ana cika shi zuwa 150 ko 200. To me za a yi da 300? Ɗauki ƴar na'urar nan ta hura taya da ake sokawa a ramin kunna taba, ka kwance sukurorinta. Fistin ɗin ciki bai fi kan babban yatsa ba, giyar da ke juya shi sau da yawa ta roba ce. Idan ka toshe bakin tiyo, allura za ta yi sama da gudu, don iskar da ke cikin tiyon ba ta cika cokali ba. Lambar da aka buga a kwali daga nan ta fito. Amma tanki mai lita 19, wanda shi aka fi sa wa motoci, kafin ya kai bar 10 sai an ɗura masa iskar waje kusan lita 190. Ƴar na'urar za ta yi ta kuka har robarta ta fara wari, tanki bai kai ko'ina ba. Takardar da ke cikin kwalin ma takan ce a kashe ta bayan minti 10 ko 15 ta huce, sai dai wa ke karanta takarda?

Lamba ta biyu ita ce yawan iskar da inji ke turowa a minti guda, shi ake rubutawa da CFM, kowane ɗaya wajen lita 28. Nan ma akwai wayon ƴan kasuwa, domin lambar da suke bugawa da manyan haruffa ta lokacin da tanki yake wayam ce. Yana cika tana raguwa. Mai saye ya nemi jadawalin da ke nuna abin da ta rage a PSI 100, can ne aikin yake.

Lamba ta uku ita ce ba a ko ambatonta a talla, kuma ita ce ta fi shafar mu. A kwali za ka ga an rubuta duty cycle da kaso cikin ɗari a gabansa. Awon juriya ne: a cikin awa guda, minti nawa za ta yi tana aiki, minti nawa take buƙatar hutu. Kashi 33 na nufin wajen minti 20 na aiki, 40 na hutu. Ɗan kokowa yana iya ɗaga ƙato ya kayar a filin takobi cikin ƙiftawar ido, amma ba shi za ka ɗauka ya wuni yana sauke siminti a Katako ba. Aikin ɗan dako ake nema a nan.

Kamfanin Viair na Amurka, wanda kayansa suka fi yawo a wannan harka, yana da biyu da suka isa misali. 400C ta fi sauri, tana ba da wajen CFM 2.5, tana tsayawa a PSI 150, juriyarta kashi 33. 444C ba ta kai ta sauri ba, CFM 1.76, amma tana kaiwa PSI 200, kuma a PSI 100 juriyarta kashi 100 ce. Ka lura da "a PSI 100" ɗin nan, don idan aka kai ta 200 juriyar na faɗuwa zuwa kashi 50. Wace ce mai ƙarfi a cikinsu? Tambayar ma ba ta da kai. Wanda zai ɗaga motarsa da safe ya sauke da dare, ta farko na iya isar sa. Wanda ke son a kowace mahaɗa ya gurfanar da mota don ƴan kabu-kabu su yi masa tafi, ko biyu daga cikin ta biyun aka haɗa masa za su san sun yi aiki.

Sai kuma ƙaramin rubutun da ke ƙasa: an auna wannan juriya ne a zafin digiri 22. Yaushe rabon Yamai da digiri 22 da tsakar rana? A watan Afrilu inuwa ma kan wuce 40, Tawa kuma ba ta fi mu sanyi ba. Sannan a ɗauki kwamfaresa a cusa ta a kofur na bayan mota, a lulluɓe da kafet don kyan gani, a ajiye motar a rana bakin Babbar Kasuwa. Injin da matse iska kaɗai ke sa kansa ya ƙona hannu, ga shi yana shaƙar iska mai zafi a ɗaki rufe. Masu kyau suna da abin da ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa, sai su yi shiru mota na zaune a ƙasa har su huce. Marasa kyau zoben fistin ke narkewa. A ganina, duk kason da aka rubuta, mutumin Sahel ya raba shi biyu kafin ya yi lissafi, kuma ƙasa da kashi 100 kada ya ko taya.

Wani Alhaji ya zo gareji da kwalinsa a hammata, yana murna. Maigidan garejin ya juya kwalin, ya leƙa injin motar, ya ce, "Ranka ya daɗe, kayan ba laifi. Amma wa zai ba ta wuta?" Gaskiyarsa. Kowace kwamfaresa irin wannan na jan wajen amfiya 20, biyu kuwa 40 ke nan ko fiye. Altanetan motocin shekarun 1970 da yawa tsakanin amfiya 35 da 55 suke bayarwa gaba ɗaya, a ciki fitilu za su ci, fanka ta ci, batir ya samu rabonsa. Sai ka ga fitila na lumshewa duk lokacin da kwamfaresa ta tashi. Maganin sananne ne: altaneta mafi girma, waya mai kauri kai tsaye daga batir, fis kusa da batir ɗin, da rele, wato makunnin da ke ɗaukar babbar wuta. Siririyar wayar rediyo da wasu ke jonawa gobara ce aka ɗaura wa mota.

Akwai wani ruɗun da na ji har a rediyo, inda mai shiri ya kira Citroën DS motar kwamfaresa. DS, wadda ta fito a 1955, ba ta da ita ko kaɗan. Famfo ne ke tura mai da matsi zuwa wasu ƙwallayen ƙarfe masu iskar naitirojin a rufe ciki, haka ƙannenta CX da BX. Idan irin wannan ta zauna ta ƙi tashi, a duba mai, famfo da ƙwallaye. Masu iska na ainihi a cikin tsofaffi su ne irin Marsandi 300 SE ta 1961, da 600 ta 1963, da 300 SEL. Tasu kwamfaresar bel ne ke juya ta daga injin mota, ba ruwanta da batir, ba ta san hutu ba. Jamusawa har ɗan kwalbar giyar sinadari suka maƙala wa tsarin don kada ruwan cikin bututu ya daskare da sanyi, matsalar da mu dai Allah Ya raba mu da ita. Mai irin wannan mota da ya cire ta asali ya sa ta lantarki ya rage mata daraja da kuɗinsa. Wasu masu dabara ma komawa wancan tsari suke yi: su samo tsohuwar kwamfaresar kilim (na'urar sanyaya mota) samfurin York, mai ajiyar manta a cikinta, su mayar da ita ta iska. Ta fi ta lantarki sauri nesa ba kusa ba, in dai akwai wurin ɗaura ta a jikin inji da makanikin da ya iya daidaita bel.

Ƙurar hunturu na shiga ta matatar iska ta goge zoben fistin, don haka a ja bakin shaƙar zuwa wuri mai tsabta, a riƙa sauya matatar. Da damina ruwa ke taruwa a gindin tanki, sai an riƙa buɗe ɗan famfon ƙasa ana zubarwa, in ba haka ba tsatsa ta bi bututu ta toshe bawul. Amma abin da ya fi kashe kwamfaresa yoyo ne. Haɗi guda da ke huci a hankali ya isa ya sa ta tashi kowane ƴan mintoci, dare da rana idan ba a bi da wutar ta makulli ba, har kashi 100 ɗin ma ya gaza. Ruwan sabulu a shafa a kowane haɗi, inda ya yi kumfa nan ne.

Wanda kuma zai kama hanyar Doso zuwa Birnin Ƙonni da irin wannan mota, ya sa a ƙara masa bakin hura taya na yau da kullum a jikin tanki. Ranar da kwamfaresa ta mutu a Dogon Dutsi, kowane mai faci a bakin titi zai iya ɗura masa iskar da za ta kai shi Tawa.