Shiga mashayar unguwa a Ayilan: tambayoyin baƙo

Wai mene ne "pub", gidan giya ne kawai?

Giya ake sayarwa, wannan babu ja. Sai dai asalin kalmar na nufin gidan jama'a, kuma a ƙauyukan Ayilan nan ne majalisar gari. Nan ake jin wanda ya rasu, nan ake taruwa bayan jana'iza, nan ake kallon wasan ƙwallon gargajiya ana musu. Sunan iyalin mai gidan ne galibi a saman ƙofa. A garin Dingle akwai Foxy John's, gefe ɗaya abin sha, ɗaya gefen ƙusa da guduma, domin da can mashaya da kanti wuri ɗaya ne.

Wanda ba ya shan giya fa?

Ba wanda zai yi masa kallon baƙon abu. Akwai shayi, kofi da lemon Club Orange. Su kansu mutanen ƙasar suna da ƙungiyar masu ƙaurace wa giya, Pioneer, tun 1898. Ko zama a wurin ya dace da kai, wannan kuma tsakaninka da addininka ne.

Ya ake sayen abin sha?

Kada ka zauna jiran mai hidima, za ka bushe a kujera. Ka je kanta, ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take. In ka ga an zuba Guinness an ajiye kofin bai cika ba, ba mantawa aka yi ba. Sau biyu ake zubawa, a jira kumfar ta kwanta. Tun 1759 kamfaninta ke yin giya a St James's Gate da ke Dablin, kuma ita ce dai aka buɗe wa masana'anta a Ikeja a farkon shekarun 1960.

Wane kuskure baƙi suka fi yi?

Na zagaye. In kuna biyar a tebur, ɗaya zai saya wa kowa, sannan na gaba, har ya zo kanka. Tamkar adashe ne. Ka sha na mutum huɗu, ka sulale kafin naka, ba wanda zai ce uffan, amma sunanka ya ɓaci a unguwar. Ko lemo kake sha kana cikin layi. In ba ka so, ka faɗa tun farko, ba laifi.

Makaɗan da ke kusurwa, biyansu ake yi?

Wasu a kan biya su, da yawa kuwa sha'awa ce ta kawo su da goge, sarewa da gangar hannu mai suna bodhrán. O'Donoghue's a Dablin ya yi suna da wannan. Idan tsoho ya tashi rera waƙa ba kiɗa, a yi tsit, a ajiye waya. Kada kuma ka zauna a kujerar makaɗa.

Ɗan ƙaramin ɗakin nan mai ƙofa fa?

Snug ake ce masa. Mata da limaman coci da 'yan sanda ne ke shiga da can, don kada a gan su.

Sigari da yara?

An hana shan taba a ciki tun 29 ga Maris 2004, sai a waje. Yara kan shiga da iyayensu da rana, amma a fitar da su ƙarfe 9 na dare, ko 10 daga Mayu zuwa Satumba. Daga Litinin zuwa Alhamis ana daina sayarwa 11:30, Juma'a da Asabar kuma 12:30.