Me ake nufi da maganin kaska na tsirrai?

Ruwa ne ko mai da ake tatsowa daga ganye, 'ya'ya ko saiwar tsiro, a fesa wa shanu domin kaska. Maganarsa ta yawaita ne tun da kaska ta fara jure magungunan kanti irin su amitraz da saifametirin, musamman a garken da aka daɗe ana maimaita magani ɗaya.

Wanda aka fi sani shi ne dogon yaro. Sinadarinsa, azadiraktin, ya fi yawa a cikin ƙwayar 'ya'yan, ganye kaɗan yake da shi. A ɓare busassun 'ya'ya, a daka gram 50 na ƙwayar a kowace lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle. Sai a zuba ɗan sabulu, don in babu shi ruwan zamewa yake daga gashin dabba. Babbar saniya tana cin lita 3 zuwa 5 kafin ta jiƙe har fata. A bi cikin kunne, ƙasan wuya, hantsa, tsakanin cinyoyi da gindin wutsiya, nan kaska take maƙalewa.

Inda mutane suke karaya shi ne washegari, in sun ga kaska tana nan daram. Dogon yaro ba ya kashe ta nan take. Rage mata shan jini yake, ya hana ƙanana saɓa, ya lalata ƙwan macen. Mace ɗaya kuwa tana zuba ƙwai dubbai a ciyawa, saboda haka amfanin sai bayan makonni yake bayyana. Rana kuma tana karya sinadarin cikin 'yan kwanaki, ruwan sama yana wanke shi. Shi ya sa ake fesawa da yamma, a maimaita duk kwana 7, kuma a haɗa sabo kowane lokaci. Ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta daɗe a ajiye ƙarfinta ya tafi.

Majimfa ta fi saurin kisa saboda sinadaran dangin rotenon da ke ganyenta, amma tana kashe kifi, don haka kada a wanke kayan feshi a rafi ko tafki. Ruwan taba kuwa gara a bar shi: nikotin yana ratsa fata, yana iya kashe maraƙi, mai feshin ma bai tsira ba. Kowanne za a yi, a fara gwadawa a jikin dabba ɗaya, a kare ido, a kare hannu.

Feshin nan rage kaska yake yi, ba ya warkar da cutar da ta riga ta shiga jini. Saniyar da ke zazzaɓi, tana fitsarin jini, ko cikin idonta ya yi fari, likitan dabbobi take buƙata a ranar.