Na'urar Da Ke Hasashen Tafiyar Hankali Yayin Zaman Natsuwa

Duk wanda ya taɓa zama shiru yana bin shiga da fitar numfashinsa domin rage damuwa ya san ba a jimawa hankali ke sulalewa, ya koma kan bashi ko aikin gobe ko wata baƙar magana da aka faɗa masa jiya. Wannan ba cuta ba ce. A binciken da Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard suka wallafa a 2010 kan mutane 2,250, an tarar cewa kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan da aka tambaye su, tunaninsu yana wani wuri dabam da abin da ke gabansu.

Yanzu ana sayar da ƙananan na'urori masu sauƙin kuɗi da ake ɗaurawa a kai, kamar Muse ta kamfanin InteraXon na ƙasar Kanada, wadda ta fito a 2014. Tana auna ɗan siginar lantarki da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, irin gwajin da likitan Jamus Hans Berger ya fara yi wa ɗan Adam a 1924, sai dai da ma'auni huɗu kacal masu taɓa fata suna ɗaukar siginar, biyu a goshi, biyu a bayan kunnuwa. Idan ta ga alamar hankali ya tafi, sai mai zaman ya ji ƙarar iska da ruwan sama ta ƙaru a kunnensa ta manhajar wayar da ke haɗe da na'urar. Idan ya dawo kan numfashinsa, sai hadarin ya lafa, tsuntsaye su fara kuka.

Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne na'urar hasashe take yi, ba ta karanta tunani. A ɗakunan bincike ana amfani da ma'auni 32 ko 64, ana shafa ruwa mai kauri domin su kama fatar kai sosai. Ƙyafta ido ko cije haƙora yana haifar da siginar da ta fi ta ƙwaƙwalwa ƙarfi, gumi ko gashi da ya shiga tsakanin fata da ma'auni yana ɓata sakamako, kuma tsarin siginar wani ba ya zama daidai da na wani. Saboda haka mutum zai iya natsuwa sarai, na'urar kuma ta ci gaba da yi masa hadari.

Ba kayan gano cuta ba ce. Mai fama da farfaɗiya, ko rashin barci mai tsanani, ko baƙin cikin da ya ƙi wucewa, asibiti ya kamata ya nufa, inda ƙwararren likita zai duba shi, ya yi masa gwajin ƙwaƙwalwa idan da bukata. Kafin a yi rajista a manhajar kuma, a karanta inda ake ajiye bayanan da na'urar ta tattara, da wanda aka ba izinin ganinsu.