Haɗa karatun lauya da tarihi, adabi da falsafa a digiri ɗaya: tambayoyi da amsoshi

Wane irin karatu ne wannan?

Tsari ne da ɗalibi zai gama sakandare, ya shiga jami'a ya karanta doka tare da darussa irin su tarihi, adabi, falsafa da kimiyyar siyasa a lokaci guda. A Indiya ana kiransa BA LLB, wato digirin farko na darussa irin su tarihi da adabi (BA) haɗe da digirin lauya (LLB), shekara 5 ake yi. Makarantar koyon doka ta ƙasa da ke Bangalore ce ta yi fice da shi, inda ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1988 ƙarƙashin Farfesa Madhava Menon. Tsohuwar hanyar can ita ce mutum ya yi digirin farko na shekara 3, ya ƙara wasu 3 a kan doka. Ka ga an rage shekara guda ke nan. Jami'ar Sydney a Ostareliya ma tana da irin wannan haɗi na shekara 5. A Amurka kuwa sai ka gama digirin farko kafin ka taka makarantar doka.

Me ya haɗa lauya da tarihi? Ba ɓata lokaci ba ne?

Ni dai a ganina nan ne amfanin yake gaba ɗaya. Ɗauki dokar Penal Code da ake hukunta masu laifi da ita a Arewacin Najeriya. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, don a samo dokar da Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba za su zauna a inuwarta bayan samun 'yanci. Kwamitin ya ba da shawarar a bi samfurin dokar Sudan, ita kuma ta Sudan tushenta dokar Indiya ce ta 1860 wadda wani ɗan Birtaniya mai suna Macaulay ya jagoranci tsarawa. Ta fara aiki a 1960. Ɗalibin da ya san wannan silsila, idan ya buɗe littafin zai gane dalilin da ya sa ta haramta wa Musulmi shan giya, ta kuma hukunta zina, alhali dokar laifuka ta Kudu ba ta yi hakan ba. Wanda bai sani ba, haddar sassa kawai zai yi.

Haka batun harshe. Sana'ar lauya kacokan a kan kalma take: me shaida yake nufi, me tsohuwa ta faɗa da Hausa, me tafinta ya mayar wa alƙali da Turanci. Wanda adabi ya gyara wa kunne yakan ji inda magana ta karkace.

Babu wata illa?

Akwai. Taura biyu ba ta taunuwa ga wanda bai shirya ba: karatun yana da yawa, kuma wasu kan mai da darussan da ba na doka ba 'yan rakiya, su ci jarrabawa su manta. Kuɗin makaranta na shekara 5 a ƙasar waje ma ba wasa ba ne.

A Najeriya fa?

Digirin LLB shekara 5 ne, kuma a shekarar farko akan ɗauki darussa daga wasu tsangayoyi, amma takarda ɗaya ake ba ka. Haɗin da muka fi sani shi ne na dokar Turawa da Shari'ar Musulunci, kamar a ABU Zariya da Jami'ar Bayero, inda Larabci da fiƙihun Malikiyya ke shigowa.

Wanda ya yo shi a waje zai iya tsayawa a kotu a gida?

Ba kai tsaye ba. Sai Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ta amince da digirinsa, ya yi zangon da ake kira Bar Part I don koyon dokokin Najeriya, sannan ya bi sahun sauran ɗalibai zuwa zango na biyu a Makarantar Lauyoyi, ko a Bwari, ko Bagauda, ko wani reshen. Don haka kafin a biya ko kwabo, a fara bincika matsayin jami'ar a wurin majalisar.