Waiwaye: Daga ɗakin bincike zuwa ɗakin amarya, tarihin kwantak mai laushi

Ranar kamun ɗiyar yayata a Gwammaja, ina zaune a gefen gado ina kallon mai kwalliya tana aikinta. Da ta gama da hoda da jan baki, sai ta ɓare wani ɗan kwali, ta ciro kwantak mai ruwan toka, wato ɗan faifan robar nan da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido don ado ko gyaran gani, da yatsan da yanzun nan ya fito daga cikin hoda, ta ce, "Amarya, kalli sama." Na ce, "Baiwar Allah, ki wanke hannu mana." Ta ce, "Hajiya, kullum haka muke yi, ba a taɓa samun matsala ba." Ba wanda ya gaya wa yarinyar ta cire kafin barci. Da asuba idonta na dama ya yi jajur, hawaye na zuba, ba ta iya kallon fitila. Likita ya ce ƙarzuwa ce kawai, Allah ya taƙaita. Tun daga ranar abin yake cina, domin wannan ɗan faifai da muke ɗauka kamar gashin ido na kanti, kayan asibiti ne, kuma kowace doka da ke kansa sai da idon wani ya lalace kafin aka gano ta.

Na farkon da aka yi na gilashi ne zalla. A 1888 wani likita a Zurich, Adolf Fick, ya gwada shi a idon zomaye, sannan a nasa. Yana rufe har farin ido, kuma ba a iya jure shi sai na 'yan sa'o'i. A 1948 Kevin Tuohy a Amurka ya fito da ƙarami na roba mai tauri, wanda ke zama a kan baƙin ido kaɗai. An samu sauƙi, amma ido bai daina jin sa kamar tsakuwa ba.

Mai laushin daga birnin Prague ya fito. Masana biyu, Otto Wichterle da Drahoslav Lím, sun haɗa wata roba mai shan ruwa da ake kira HEMA, suka wallafa sakamakon a mujallar Nature a 1960. Da hukuma ta janye hannu daga aikin, Wichterle ya koma da shi gida. A lokacin Kirsimetin 1961 ya harhaɗa na'ura da ƙarafan wasan yara da dinamon fitilar keke, ya juya robar a cikin ɗan mazubi har ta ɗauki siffar ido. Haƙƙin fasahar ya tsallaka Amurka, kuma a 1971 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince wa kamfanin Bausch & Lomb ya fara sayar da shi.

Mutane sun so shi, don ba ya suka. Sai dai daɗinsa ya ɓoye wani abu. Wannan fata mai garau da ke rufe baƙin ido ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, daga iska take shaƙar oksijin ta cikin hawaye. Idan ka ɗora mata roba ka rage mata numfashi, idan ka rufe ido ka yi barci a kai ka ƙara toshe ta. Duk da haka a 1981 aka ba da izinin kwantak ɗin da ake kwana da shi, har na tsawon kwana 30. A 1984 Brien Holden da George Mertz suka auna yadda fatar ke kumbura a ƙarƙashin kwantak iri-iri, suka fitar da adadin oksijin da ido ke bukata. Yawancin waɗanda ke kasuwa a lokacin ba su kai mizanin kwana da su ba.

Likitoci kuma suna ta ganin gyambon ido. A 1989 aka wallafa bincike biyu a mujallar New England Journal of Medicine da suka sa wa abin lissafi: a kowace shekara, kusan mutum 4 cikin 10,000 masu cirewa da dare ne ke samun gyambon, amma a cikin masu irin na kwana da shi, kusan 21 ne. A shekarar FDA ta rage kwana 30 zuwa 7. Wanda bai san gyambon ido ba ya tuna da hakiya, farin tabon nan da ke zama a tsakiyar baƙin ido. Ƙwayar cuta irin Pseudomonas tana iya yin wannan ɓarna cikin kwana biyu, kuma tabarau ba ya gyara ta.

Kamfanoni sun bi ta hanya biyu. Ɗaya ita ce a daina ajiye shi da daɗewa: Acuvue na yarwa ya fito a 1987, na sawa yau a yar yau kuma a tsakiyar shekarun 1990. Ɗayar ita ce sabuwar roba mai silikon, wadda ta shigo a ƙarshen shekarun 1990 tana barin oksijin ya ratsa ninkin-ba-ninkin. Kumburi ya ragu ƙwarai, kowa ya ɗauka an gama. Amma babban binciken da Fiona Stapleton ta jagoranta a Ostareliya, wanda ya fito a 2008, ya nuna cewa kwana da shi bai daina jawo gyambo ba ko da sabuwar robar ce. A ganina wannan shi ne sakamako mafi nauyi a duk tarihin, domin ya raba matsalar numfashi da matsalar ƙwayar cuta.

Ruwan wanke shi ma ya zo da nasa. A 2006 aka janye ReNu with MoistureLoc daga kasuwa bayan ɓarkewar cutar fumfuna a idanun masu amfani da shi a Singafo da Hong Kong da Amurka. A 2007 aka janye Complete MoisturePlus saboda wata ƙwaya mai suna Acanthamoeba, wadda ke rayuwa a ruwan famfo da na rijiya da na tanki. Nan ne batun ya zo ƙofar gidanmu. Mu masu alwala ne sau biyar a rana, ruwanmu na 'yan garuwa ne ko na tankin da ya kwana biyu ba a wanke ba. Mai kwantak ya rufe ido sosai idan zai wanke fuska, ya tsane hannu kafin ya taɓa shi, kuma kada ya kuskura ya jiƙa shi a ruwan leda don na kwalba ya ƙare. Ga kuma hunturu, ƙura na shiga ƙarƙashinsa, iska na busar da hawaye.

Inda binciken ya karkata yanzu ya fi shafar yara. Rashin ganin nesa yana ƙaruwa a duniya, har wani hasashe na 2016 ya ce nan da 2050 zai kama kusan rabin mutanen duniya. A 2019 FDA ta amince da MiSight, kwantak na yarwa kullum ga yara 'yan shekara 8 zuwa 12, bayan gwajin shekara uku ya nuna ya rage saurin ƙaruwar matsalar da kusan kashi 59 cikin ɗari. Ba warkarwa yake yi ba, jinkirtawa ce, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu. Akwai abin da bai kai shi kuɗi ba: wani gwaji a makarantun Guangzhou na ƙasar Sin ya nuna ƙarin minti 40 na wasa a waje kullum yana rage yawan yaran da ke kamuwa.

Kano ba baƙuwa ba ce a aikin ido. Asibitin ido na ECWA yana nan tun shekarun 1940, ga Asibitin Malam Aminu Kano, ga na Murtala, ga hukumar da aka kafa a 1989 don yi wa masu gwajin ido da masu haɗa tabarau rajista a Nijeriya. Amma kwantak bai shigo mana ta waɗannan ƙofofi ba. Ta Instagram ya shigo, da shagunan kayan kwalliya, da jakar mai yi wa amare ado, ba awon ido, ba wanda ya duba ko lanƙwasarsa ta dace da idon mai sawa. Mai launi da na gyaran gani duk a wuri ɗaya suke zama, haɗarinsu ɗaya.

Ina so in ga likitocinmu na Kano sun fara ƙirga nasu: mutum nawa ke zuwa da jan ido bayan biki, a wane wata, da wane ruwa suka wanke, daga ina suka saya. Mai kwalliyar nan ta ce ba a taɓa samun matsala ba, kuma na yarda iya saninta ta faɗa, don kafin gari ya waye ta riga ta tattara kayanta ta tafi gidan wata amaryar.